“Ai Taka Ce”: Dokta Badaru da Tsohuwar Motarsa

Akwai wani dattijo a birnin Landan da ake kira Dokta Badaru, mutumin Kano, wanda ya yi aikin likita a unguwar Marylebone har ya yi ritaya. Mutum ne mai fara'a da son baƙi. In ka shiga gidansa a unguwar Deptford, ba ka fita sai ka ci tuwo. Abu ɗaya ne kowa ya san ba a taɓa masa, wato tsohuwar motar da ke cikin garejin bayan gidan.

Motar Alfa Romeo ce ƙirar Italiya, ja, mai buɗaɗɗen sama da kujera biyu. Tun Dokta yana ɗan firamare ya ga wani Bature ɗan kwangila yana tuƙa irinta a Bompai, ya sa a ransa cewa wata rana shi ma sai ya tuƙa. Allah ya ba shi ita a Landan, sai dai wadda ya samu ba ta tashi. Tsatsa ta cinye ƙasanta, tayoyi sun kwanta, kujeru sun yayyage, injin kuwa ko tari ba ya yi.

Kullum maganarsa ita ce in ya yi ritaya zai gyara ta. Da ya yi ritayar, maganar ta koma in an fita sanyi. Shekara fiye da goma, iyakar abin da motar nan take samu daga gare shi shi ne ya yaye tampol, ya goge ta da tsumma, ya shiga ya riƙe sitiyari yana murmushi, sannan ya fito ya mayar da tampol. Matarsa Hajiya Hadizatu takan ce gareji guda an ba gizo-gizo ya zauna kyauta.

Ana nan sai 'yarsu Zarah ta auri wani saurayi mai suna Fa'iz. Iyayensa mutanen Zariya ne, amma shi a Landan aka haife shi, a nan ya tashi. Yana jin Hausa sarai, sai dai in zai mayar, rabi Hausa ne rabi Turanci. Yaro ne mai ladabi, amma tsakaninsa da sirikinsa ba abin da ke haɗa su sai gaisuwa. In an gama “ya aiki, ya gida”, sai kowa ya zuba wa talabijin ido.

Ranar ƙaramar Sallah, bayan an ci an ƙoshi, shirun ya ishi Dokta, sai ya ce wa Fa'iz ya zo ya nuna masa wani abu. Ya kai shi gareji ya yaye tampol.

Fa'iz ya tsaya baki buɗe. Ya zagaya motar, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya shafa fitilunta.

“Baba, she's beautiful,” in ji shi. “Wallahi ban taɓa ganin mota mai kyau haka ba.”

Daɗi ya kama Dokta, don rabonsa da ya ji wani ya yabi motar nan har ya manta. Sai ya yi abin da duk Bahaushe yake yi in an yabi kayansa. Ya ce, “Ai taka ce, ɗana.”

To, mu da muka tashi a gida mun san amsar wannan magana. Sai ka ce, “A'a Baba, na gode, Allah ya bar ka da abarka,” a yi dariya a wuce. Fa'iz bai san wannan ba. Ya ɗago kai, idonsa ya cika da ƙwalla.

“Da gaske, Baba?”

“Haba, mene ne a ciki?” in ji Dokta, har yana kaɗa hannu.

Fa'iz ya durƙusa ya yi ta godiya. Dokta ya shiga gida yana yaba tarbiyyar yaron, ya manta da zancen.

Ranar Asabar da hantsi, yana shan shayi, sai ya ji ƙarar babbar mota a ƙofar gida. Ya leƙa taga ya ga janwe tana ja da baya, Fa'iz yana gefe yana ba direba hannu. Ya fito da kofin shayin a hannunsa.

“Ina kwana, Baba,” in ji Fa'iz cikin murna. “Na yi booking ɗin recovery. Abokina Haggai yana da wurin gyara a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, nan kusa da High Street, ya ba ni gefe guda. Yau za mu fara.”

Dokta ya ce madalla, ya ce yana zuwa. Ya koma ciki ya sami Hajiya a kicin, ya rage murya.

“Hajiya, yaron nan fa ya zo ɗaukar motar.”

“To ba kai ka ba shi ba?”

“Ba ba shi na yi ba. Faɗa kawai na yi.”

Hajiya ta yi dariya har da dafa bango. Da ta ga fuskarsa sai ta tsagaita, don ta gane abin ya taɓa shi. Ta ce, “Kwantar da hankalinka, Dokta. Bari in kira Zarah ta yi masa bayani cikin hikima, ba wanda zai ji kunya.”

Dokta ya koma taga. Ya ga Fa'iz ya cire rigar sanyinsa ya shimfiɗa a kan goshin motar don kada igiya ta goge fentin, fentin da tsatsa ta riga ta gama da shi. Ya daɗe yana kallonsa. Ransa yana son motar nan ƙwarai, kuma kalma ɗaya daga bakin Zarah ta isa ta mayar masa da ita.

“A'a, kar ki kira ta,” in ji shi. “Ya tambaye ni ko da gaske nake, na ce masa e. A nan ya kamata in gyara zancen, ban gyara ba. In na karɓe yau, gobe in na faɗa masa magana sai ya je ya tambayi matarsa ko da gaske nake.”

Ya ɗauko makulli da takardun motar ya kai masa da hannunsa, ya sa albarka. Janwe ta ja, Dokta ya tsaya a bakin titi har ta sha kwana.

Kada a yi muku ƙarya, abin ya yi masa ciwo. Makonni ya yi ba ya ko kallon ɓangaren garejin. Abinci ma sai Hajiya ta matsa yake ci, in ta tsokane shi sai ya ce shi mura ce ke damunsa.

Wata Asabar sai ga wayar Fa'iz. “Baba, sorry na dame ka. Akwai wani noti a cikin injin da hannuna ba ya kaiwa, kuma ina tsoron in karya shi. Kai hannunka ya saba da aikin a hankali. Ko za ka leƙo?”

Dokta ya ce zai duba in ya sami lokaci, kamar mai wani aikin. Kafin Fa'iz ya ajiye waya Dokta ya riga ya sa takalmi.

Ya tarar da motar an ɗaga ta sama, an kwance ta gunduwa-gunduwa, kowane ƙarfe an ajiye shi a cikin robar ayis-kirim. Gabansa ya faɗi. Amma da ya naɗe hannun riga ya karɓi sifana, notin ya kwance, sai ya ji wani daɗin da tsumma da tampol ba su taɓa ba shi ba. Ranar bai koma gida ba sai bayan la'asar, da baƙin mai har a hularsa.

Daga nan Asabar ta zama tasu. Suka kankare tsatsa, Haggai ya yi musu walda, suka jira kayan gyara daga Italiya wata da watanni, wani ya zo bai yi daidai ba aka mayar. In azahar ta yi su shimfiɗa kwali su yi salla, sannan Fa'iz ya je shagon wata 'yar Ghana ya sayo musu shinkafa da wake. Mutanen da a da ba sa iya haɗa jimla uku, yanzu sai Haggai ya ce su rage surutu. Dokta ya ba shi labarin Kano ta da, Fa'iz ya koya masa neman kaya a intanet. Hausar Fa'iz ta miƙe, har ya fara cewa “to fa” in noti ya ƙi.

Ana cikin haka, wata rana Hajiya ta kasa riƙe bakinta ta ba Zarah labarin, Zarah kuma ta kai wa mijinta. Asabar ɗin nan Fa'iz ya zo kansa a ƙasa, da takardun motar a hannu.

“Baba, ka yafe mini. Wallahi I didn't know. Na zo har gidanka na ɗauke maka mota da janwe. Ga takardunka.”

Dokta bai ko ajiye sifanar ba. “Mayar da su aljihu.”

“Amma Baba, ba ka yi niyyar ba ni ba.”

“Ranar Sallah ban yi niyya ba,” in ji Dokta. “Ranar da janwe ta zo na yi niyya. Miƙo mini wancan sukuddireban.”

Fa'iz ya yi magiya har ya gaji, dattijon ya ƙi. Sai dai akwai abin da Dokta bai faɗa wa kowa ba. Har yanzu yana son ya tuƙa motar nan ko sau ɗaya ne, amma ya ƙudura a ransa ba zai roƙa ba. Wanda ya yi kyauta ya dawo yana neman aro, a ganinsa bai gama bayarwa ba.

Sai da aka shiga bazara ta biyu motar ta kammala. An yi mata sabon jan fenti, an ɗinka kujeru, Haggai ya kai ta gwaji ta ci. Ranar da za a fita da ita, Hajiya da Zarah suka zo da cincin da lemo. Injin ya tashi da wata irin ƙara mai daɗi, har masu wucewa suka tsaya ɗaukar hoto. Dokta ya ja gefe ya harɗe hannu a baya, yana jiran ya ga mai mota ya ja abarsa.

Fa'iz ya zagaya, ya buɗe ƙofar fasinja ya zauna, ya ɗaura bel.

“Baba, akwai problem,” in ji shi. “Sitiyarin a hagu yake, irin na Najeriya. Ni na nan na saba da shi, ina tsoron in goge ta a roundabout. Kai da ka koyi mota a Kano, ko za ka taimaka ka riƙa tuƙa ni?”

Dokta ya dube shi. Ya sani sarai cewa zuwansu Kano na bara, yaron nan ne ya yi ta yawo da su a mota cikin cunkoson Ƙofar Nasarawa ba tare da ya taɓa ko madubi ba. Ya gane abin da ake yi masa, kuma ya ji daɗi har cikin ransa, don ko shi da aka haifa a Kano ba zai iya shirya ta fiye da haka ba.

“To,” in ji shi, “tunda ka matsa.”

Ya shiga, ya yi bismilla, ya taka kuloci ya sa giya. Motar ta ɗan yi tsalle, Hajiya ta yi salati, sannan motar ta miƙe. Suka bi ta Greenwich suka hau filin Blackheath, iska ta ɗauke hular Dokta, ya ƙi tsayawa a ɗauko. Dariya yake yi kamar ba shi ne mai jikoki a Kano ba.

Motar tana nan da sunan Fa'iz. Duk Asabar in rana ta fito, za ka gan su a titin Deptford, dattijo a sitiyari, mai mota a gefensa. An ce har yau Fa'iz bai iya sitiyarin hagu ba, kuma ba wanda ya ga yana ƙoƙarin koya.

Darasi: In magana ta fita daga bakinka har wani ya yarda da ita, to cika ta, ko da za ta raba ka da abin da kake so. Dokta Badaru ya riƙe motarsa shekara da shekaru bai taɓa tuƙa ta ba, sai da ya cika maganarsa Allah ya mayar masa da ita tana tafiya, ya haɗa masa da ɗa. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman masu saurin cewa “ai taka ce”.