Yadda Dodon Wasan Waya Ya Samo Sunansa

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku sarakunan latsa waya!"

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

Wani Dodo ne yake zaune cikin wasan waya, can a ƙofar ƙarshe, inda duk yaron da ya haye sauran matakai yake tarar da shi. Ga haƙora, ga farata zaƙo-zaƙo, ga jiƙaƙƙen gashi har ƙasa, amma bawan Allah ba shi da suna. Yara kan ce, "Mun iso wurin wancan abin," suna taunar gyaɗa suna jibgarsa. Abin yana yi masa ciwo ƙwarai.

Ran nan Ladiyo, budurwar da ta ƙirƙiro wasan, ta ce masa, "Nan da Juma'a in ba ka firgita ko yaro ɗaya ba, zan goge ka in zana wani."

Hankalin Dodo ya tashi. Sai ga Gizo ya sauko ta zarensa, ya ce, "Yallaɓai, rashin suna ne ya cuce ka. Kawo rago da goro in raɗa maka."

Dodo ya kawo. Gizo ya raɗa masa Haɗiye-Gari, ya kwashe nama. Yara suka ce, "Gari? Wannan ko fura sai an dama masa!"

Ya kawo na biyu, aka raɗa masa Ci-Wuta. Yara suka ce, "Ayya, a ba shi ruwa mana."

Ya kawo na uku, aka raɗa masa Sarkin Duhu. Wata 'yar ƙarama ta ce, "Sannu Sarki, ina fadawanka?"

Ranar Alhamis Dodo ya jawo rago na huɗu yana hawaye. Sai ragon ya turje, ya ce, "Ranka ya daɗe, 'yan'uwana uku sun tafi a banza. Kai daga sama ka faɗo? Tambayi Ladiyo inda ta samo ka mana."

Ya tambaye ta. Ta ce, "A bakin kakata Iya Tabawa na ji labarinka ina ƙarama. Sunan ne ya shige mini."

Ta kai wa tsohuwa wayar. Iya Tabawa ta ƙura ido, sai ta fashe da dariya. "Lah! Ashe kana nan, ja'iri? Ai Ja-Guga ne na tsohuwar rijiyar bayan gari! Mu muka sa masa sunan don yara su bar leƙa rijiya. Wanda duk ya leƙa, sai Dodon ya fizgi igiya ya haɗa da mai gugan."

Daɗi ya kashe Dodo, don yau ya san gidansu.

Ranar Juma'a sunan ya fito a fuskar waya. To, wane yaro ne uwarsa ba ta taɓa tsorata shi da Ja-Guga ba? Wani ya jefar da waya ya shige bayan uwarsa, wata ta kwana uku ko randa ba ta leƙa ba. Ladiyo ta bar Dodo a ƙofarsa, rago ya tsira da wuyansa.

Gizo kuwa, da yake ba shi da kunya, ya sauko neman tukwici. Ja-Guga ya kama zarensa ya fizga. Shi ya sa har yau in gizo-gizo yana saukowa, sai ku ga ya tsaya cak, ya koma sama da gudu.

Saboda haka, jikokina, ba a sayen asali da rago. Wanda ya manta sunansa, ya koma wurin tsofaffinsa.

Ƙungurus kan ɗan kusu!