Barewar da Barmo Ya Farke a Dawa

Ranar Laraba ce, tsakiyar bazara. Ba iska, ba gajimare, rana ta buɗe tun da hantsi. A wancan zamani, nan inda garinmu yake kurmi ne da duwatsu, ba mai kwana a ciki sai namun dawa. Mutane suna can yamma, a wani gari mai ganuwa da ake kira Kurguma.

Maharban Kurguma suna da doka. Duk wanda ya harbi nama, yanka kawai zai yi, ya ɗauko shi ɗungum, ciki a rufe, ya kai ƙofar Sarkin Dawa. A can ake farkewa, Sarkin Dawa ya ɗauki hanta da zuciya da cinya ɗaya, saura na maharbi. An kafa dokar ne tun lokacin da wasu suka riƙa gasa hanta a daji, su dawo su ce kura ta ci. Wanda ya karya ta, a karya masa baka, ya bar gari.

Da can nama yana bakin ganuwa, dokar ba ta cutar da kowa ba. Amma a shekarar nan fari ya kori dabbobi nesa. Kafin maharbi ya iso gida cikin dabba ya kumbura, nama ya yi kore, ƙudaje na bin sa har ƙofa.

Akwai wani maharbi, Barmo, dogo, baƙi, mai ƙarancin magana. Matarsa Tarana tana jego, ta rame, ruwan nono ya ɗauke, jaririyar ko kukan kirki ba ta iya yi. Kwanakin baya ya kawo gada, da aka farke ta a ƙofar Sarkin Dawa wari ya watsa taron, karnuka aka ba. Ran nan Tarana ta ce masa, "Maigida, in karnukan Sarkin Dawa kake yi wa farauta, faɗa mini in daina ɗora tukunya."

To a wannan Laraba Barmo ya harbi barewa a gindin wani dutse, tafiyar rabin yini daga gari. Ya yanka ta. Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dubi hanyar gida. Ya san in ya bi doka ruɓaɓɓen nama zai kai wa Tarana, in ya farke kuma ya rasa bakansa da gidan ubansa. Bai daɗe yana tunani ba. Ya zaro wuƙa.

Ya ja barewar inuwar wata tsamiya, ya kwantar da ita rigingine a gangare, kai a sama. Ya fara yanke naman da ke kewaye da bakin kibiya saboda dafi, ya binne shi. Sannan ya tsaga fata kaɗan a ƙasan ƙashin ƙirji, ya zura yatsu biyu, ya sa wuƙa tsakaninsu bakinta na kallon sama. Haka ya bi a hankali har tsakanin cinyoyi, yatsunsa na danne tumbi, domin in tsini ya huda tumbi abin da ke ciki ya ɓata naman duka. Ya ɗaure maƙoshi da ƙarshen hanji da ɓawon kalgo. Mafitsara ya ciro ta cike, ko ɗigo bai zuba ba. Ya yanke tantanin da ya raba ciki da ƙirji, ya zura hannu ya kama maƙogwaro ya jawo, huhu da zuciya suka biyo. Ya ɓare matsarmama daga jikin hanta ya jefar. Daga nan ya tokare haƙarƙari da guntun ice, ya rataye ta a reshe ta huce.

Babu ruwan wanke hannu. Sai ya lura da inda barewar take tonon ƙasa da kofato lokacin da ya harbe ta. Ya tona wurin da wuƙa, bai kai kamu ɗaya ba ruwa ya tsattsafo, mai sanyi, a tsakiyar farin nan. Tsofaffi sun ce wani gajimare ya zo ya tsaya a kan tsamiyar ita kaɗai har naman ya huce, kuma garken barewa ya jeru a kan dutsen yana kallo, ba wadda ta gudu.

Barmo bai bi ta bayan gari ba. Da la'asar sakaliya ya shiga ta babbar ƙofa, barewa a kafaɗa, ciki a buɗe, kowa na gani. Ya sauke ta gaban Sarkin Dawa Nomau, aminin ubansa, wanda ya ba shi bakan da yake rataye da shi. Ya ajiye hanta da zuciya a naɗe cikin ganyen kalgo.

Tsohon ya daɗe yana kallon naman. Sannan ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ɗana, ka ce kura ta riga ka, a bar maganar nan."

Barmo ya ce, "Kura ba ta ɗaure hanji, Baba. Ni na farke ta. Ga rabonka bai ragu ba, shinshina ka ji."

Sarkin Dawa ya shinshina, ya san rabon da a kawo nama mai kyau haka tun kaka. Amma ya ce in ya ƙyale yau, gobe kowa zai farke a daji, jibi a koma cewa kura ta ci. Ya nemi Barmo ya yi alkawari a gaban jama'a ba zai ƙara ba, shi ke nan.

"Gobe ma in na harba, inda ta faɗi zan farke ta," in ji Barmo.

Aka karɓi bakan. Tsohon da hannunsa ya karya shi a gwiwa, bai dubi kowa ba. Wani maharbi, Cindo, ya yi dariya ya ce tunda Barmo ya iya fiɗa haka sai ya koma fawa. Barmo ya goge wuƙarsa a cinya ya mayar kube, ya ce bakan nasu ne, wuƙar kuwa ta ubansa ce. Ya bar musu cinya ɗaya, ya saɓi saura.

Tarana ta ɗora tukunya. Ta sha romo kwano biyu, gumi ya karyo mata, kafin dare ya raba jaririyar ta kama nono. Sai a lokacin ya gaya mata an kore su. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye shi ko akwai ruwa inda za su, ya ce akwai.

"To ɗaure tabarmar mana," ta ce.

Washegari da asuba Barmo ya ɗauki kaya, Tarana ta goya 'yarta, suka yi gabas. A hanya ya sari reshe ya fara feƙe sabon baka. Da suka isa tsamiyar ya faɗaɗa ramin ruwan, ya kafa bukka. Kafin damina ta faɗi maharba suka riƙa biyo shi da iyalansu, har da Cindo. Makaɗa suka sa masa kirari: Barmo gagara-doka, na Tarana, wuƙa sama, mai farke nama inda ya faɗi.

Wurin shi ne garinmu, Mafeɗa. Ramin shi ne Rijiyar Barewa, ba ta taɓa ƙafewa ba. Kurguma kuwa yanzu kufai ne. Har yau maharbin Mafeɗa a daji yake farke namansa, ya kawo wa dattijon unguwa hanta da zuciya cikin ganyen kalgo, ba mai bin sa da bincike. Kuma ba wanda zai taɓa tukunyar sai an kai wa mai jego kwanon farko.