Targaɗen Ɗangiwa

Akwai wani ɗan kokawa a Sanyinna mai suna Ɗangiwa, a farkon shekarun samun 'yancin kai, lokacin ana Jihar Arewa. Kaka uku a jere babu wanda ya kai bayansa ƙasa a gundumar Tambuwal, har aka zaɓe shi ya je gasar lardi a Sakkwato.

Saura kwana goma a tafi, yana gwaji a gonar da aka girbe gero, sai ya taka tushen kara, ƙafarsa ta dama ta lanƙwashe ciki. Kafin la'asar idon sawun ya kumbura ya yi baƙi.

Matarsa Kulu ta matsa masa, aka ɗora shi a jaki zuwa wurin Bube maɗori, dattijon Kebbe da ke zuwa cin kasuwar Tambuwal.

Bube ya latsa ƙashin idon sawun na ciki da na waje, Ɗangiwa bai motsa ba. Da ya latsa ƙasa da ƙashin kaɗan, sai ya cije leɓe.

"Tashi ka yi mani taki fuɗu," in ji Bube.

Ya yi, yana ɗingishi. Dattijon ya riƙe ƙwaurin ya ja dunduniyar gaba, ya ji ta yi sako-sako fiye da ta hagu.

"Yaro, ƙashinka lafiya lau. Targaɗe ne, amma babba, jijiya ta fara yagewa. Wata biyu kada ka shiga fage."

Ɗangiwa ya yi dariya. "Tsoho, tunda ba karaya ba ce, mi nika jira? Ka san wa kake wa magana?"

Ya ture hannun Bube ya fita, ko godiya babu. Kulu ta yi ta kuka tana roƙon kada ya tafi gasar, har ta gaji.

A Sakkwato ya ɗaure ƙafar da tsumma ya shiga fage. Karon farko, abokin karawarsa ya lura da ɗaurin, ya sa masa ƙafa daidai nan. Na kusa da fagen sun ji ƙarar tsinkewar jijiyar.

Da aka maido shi, Bube ya duba, ya girgiza kai. "Ciwon da na gani ran nan yana warkewa. Wannan sai haƙuri."

Ɗangiwa bai sake kokawa ba. Da sanda ya ƙare rayuwarsa, kuma duk kaka, idan ya ji gangar kokawa a dandali, sai ya ce wa Kulu ta rufe ƙofa.

Darasi: Kada ka raina ciwo don an ce ba karaya ba ce, kada kuma girman kai ya hana ka jin maganar wanda ya san aikinsa. Ku tura wa 'yan wasan da kuka sani.