Ciyawar Bakin Hanya

Akwai wani mutum mai babbar makiyaya da bijimai goma sha biyu waɗanda yake kiwatawa domin nama. Sai tafiya mai nisa ta kama shi, ya kira ƙanensa ya danƙa masa kome.

Ya ce masa, "Ƙanena, na raba filin nan kashi uku: na bakin hanya, na tsakiya, da na bayan tudu. In shanu suna cin kashi ɗaya, ka kora su gaba tun ciyawar ba ta gaza taƙi ba, ka bar wancan ya huta. Turakun da ake ɗaure su kuma, ka riƙa matsar da su bayan kwana uku uku, domin kashinsu ya zama taki ko'ina."

Ƙanen ya ce, "To, Yaya. Allah ya kiyaye hanya."

Amma ƙanen nan mutum ne mai son yabo kamar yadda saniya ke son kanwa. Ran nan yana tsaye a bakin hanya, sai masu zuwa kasuwa suka ce, "Kai, gambar nan ta yi kyau! Sannu da ƙoƙari." Shi ke nan, kansa ya fasu.

Daga ranar bai ƙara matsar da turke ko ɗaya ba. Ya tsare shanun a bayan tudu, inda ba mai gani. Kowace safiya ya kwashe kashinsu kaf, ya ɗora wa jaki, ya kai bakin hanya. Har takin zamanin da wansa ya bari domin kashi uku, duk can ya juye shi. Sa'an nan ya yi shinge da ƙaya, wai kada wani sa ya tattake masa ciyawa.

Gambar bakin hanya ta yi kore shar, ta kai ƙirjin mutum. A bayan tudu kuwa shanu suka cinye ciyawa har saiwa. Ƙasa ta tsiraita, ruwan sama ya wanke ta, ba abin da ya tsiro sai tafasa da tumfafiya. Haƙarƙarin bijiman ya fito. Sukan zo su tsaya a jikin shingen suna kuka, suna kallon abincin da kashinsu ya raya, shi kuwa ya kore su da sanda. Wannan ba wauta kaɗai ba ce, mugunta ce tsagwaronta.

Da damina ta kusa ƙarewa, aka aiko masa cewa wansa yana tafe, gobe zai iso. Ƙanen ya ce a ransa, "Bari su ci su ƙoshi, Yaya ya tarar da su a cikin ciyawa." Da sassafe, raɓa ba ta bushe ba, ya janye ƙayar ya tura su ciki.

Shanun da suka yi watanni da yunwa suka faɗa wa ɗanyar ciyawar nan ba ji ba gani. Kafin rana ta take, cikinsu ya kumbura kamar ganga. Huɗu suka faɗi suna shure-shure, suka mutu nan a bakin hanya, inda kowa ke wucewa.

A haka wan ya tarar da su. Ya dubi matattun, ya zaga bayan tudu ya ga ƙasa fayau, ya komo wurin ƙanensa a fusace.

Ƙanen ya ce, "Yaya, wallahi ƙoshi ne ya kashe su. Dubi ciyawar da na tanada musu!"

Wan ya daka masa tsawa, ya ce, "Rufe mini baki! Yunwar wata huɗu ce ta kashe su, yau dai suka faɗi. Ciyawa na ba ka amana, ko shanu? Ajiye sandan nan, ka fita mini daga fili."

Ma'anar wannan misali ita ce: mai makiyayar shi ne Ubangiji, ƙanen mu ne, shanun kuwa su ne mutanen da ya sa a hannunmu, wato mata, 'ya'ya, da tsofaffin iyaye. Takin shi ne haƙurinmu, da fara'armu, da abin hannunmu. Bakin hanya kuma shi ne inda jama'a ke ganinmu.

Ina faɗa muku da ɓacin rai, a cikinmu akwai mai yin addu'a mai daɗi a taron sujada, a gida kuwa ba wanda ya taɓa jin "sannu" daga bakinsa. Akwai mai kawo buhun dawa ranar godiyar kaka ana yi masa tafi, alhali tsohuwarsa tana ƙauye tana shan kunu ba tsami. Gumin mutanen gida yake kwashewa ya kai inda za a yabe shi. Ran da tsohuwar ta mutu kuwa, shi ne zai yanka sa, ya kafa rumfuna, ya juye mata a yini ɗaya abin da ya hana ta shekara goma. Wa zai ci a ranar?

Kada ku jira sai an ce Maigida yana tafe. Yau in kun tashi daga nan, kowa ya zaga bayan tudunsa, ya duba su wa ke tsaye a jikin shinge.