Ƙaton Kati a Ƙaramin Akwati

A'a 'yata, ban ce kada ki bar maigidanki ya saya ba. Kin tambaye ni ko katin girafik mafi girma shi ne mafi kyau, ni kuwa ilimina bai kai nan ba, wayar nan ma lallaɓa ta nake yi. Amma akwai labarin da na ji daga bakin wadda aka yi abin a ɗakinta. Bari in ba ki, ku ma sauran masu bibiyar shafin nan ku matso.

Akwai wani mai zanen gidaje da ake ce wa Injiniya. A kwamfuta yake zana gida tun ba a haƙa tushe ba, ya mai da shi hoto mai motsi, ka ga kamar kana yawo cikin ɗakunan. Wannan aikin kuwa katin girafik ne ke ɗaukar nauyinsa, wani allo mai fanka da ake sokawa a cikin akwatin kwamfutar tebur.

Wata likita za ta gina ƙaramin asibiti. Ta kira masu zane uku, ta ce kowa ya kawo nasa ranar Alhamis da ƙarfe huɗu, wanda ya kwanta mata a rai shi za ta ba aikin. Injiniya bai taɓa samun dama irin wannan ba. Wata biyu ya yi a kan zanen, har ya rame.

Matsalar ɗaya ce, katinsa ya tsufa. In ya sa shi haɗa hoto mai motsi, sai ya kwashe awa takwas yana nishi.

Yana da yaya mai gyaran kwamfuta. Ba ta yi boko mai nisa ba, a shagon marigayi mijinta ta koya, kuma shekara goma sha bakwai ke nan tana riƙe da shagon. Ranar Litinin matar Injiniya ta matsa masa ya je ya nemi shawararta. Ya je, amma da kafaɗa a sama.

Yaya ta saurare shi tana kwance wata kwamfuta. Ta ce, "Auta, akwatin wutar da ke cikin taka, nawa ne ƙarfinsa?" Akwatin wuta shi ne ke raba wa kowane sashe na kwamfuta wutar da zai sha.

"Kati na ce zan saya, Yaya. Me ya kawo akwatin wuta?"

"Manyan katin nan ci gare su. Je ka karanto mini lambar da ke jikinsa, ka auna mini tsawon cikin kwamfutar. Kuma kafin ka kwance ko ƙusa ɗaya, ka kwafe aikinka a wani wuri."

Injiniya ya yi dariya, ga masu kawo gyara a zaune suna ji. "Yaya, wannan fa ba busa ƙura ba ce irin taku. Na kalli bidiyo ya fi ashirin a kan katin nan. Kuma don Allah ki daina ce mini Auta a gaban mutane."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a, Injiniya."

Katin da ya zaɓa bai iso ba sai safiyar Alhamis ɗin. Ƙato ne, tsawonsa ya kai daga gwiwar hannu zuwa yatsa, da fanka uku da fitilu masu canza launi. Ya kai yara makaranta, ya dawo ya kwantar da kwamfutar a kan tebur ya buɗe cikinta.

Kati ya ƙi shiga. Ya yi tsawo da kamar yatsa biyu, yana dukan ƙarfen da ke riƙe faifan ajiya, inda duk zanensa yake. Injiniya ya ɗauko filaya ya lanƙwashe ƙarfen da ƙarfin tsiya, faifan ya koma yana reto a kan ƙusa ɗaya. Kati ya shiga.

Sai kuma ga baki uku na wuta a jikin katin, akwatin wutarsa kuwa waya ɗaya gare shi. Ya tuna mai shago ya ba shi kyautar wata siririyar waya mai rassa uku. Ya jona.

Ya kunna. Fitilu suka kama, fankoki suka juya, zane ya buɗe kamar walƙiya. Ya ƙwala wa matarsa kira. "Zo ki gani! Ɗauki hoto ki tura wa Yaya."

Ta ce, "Ka gama aikin tukuna, Baban yara."

Da tara da rabi ya sa kwamfutar ta fara haɗa hoton. Ta kai kashi arba'in cikin ɗari, sai ɗif, ta mutu. Ya ɗaga kai yana zaton wuta aka ɗauke, amma fankar sama tana ta juyawa abinta.

Ya sake kunnawa, aka fara daga farko. Kashi sittin, ɗif.

Matarsa ta leƙo daga kicin. "Ni fa ƙauri nake ji, kuma ba daga tukunyata ba ne."

"Sabon kaya ne, haka suke yi."

Ya danna a karo na uku. Aka ji tas, wani siririn hayaƙi ya fito ta bayan akwatin. Ya danna, ya danna, ya sake dannawa. Ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Agogon bango ya nuna sha ɗaya da kwata.

Matarsa ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu. A hankali ta ce, "Kana da kwafin zanen a wani wuri, ko?"

Ya girgiza kai. Gumi ne kawai ke bin wuyansa.

Ta juya ta ɗauki waya. Ya ce, "Kada ki kira ta." Ta ce, "Ai har ta ɗauka."

Sha biyu ta ɗan gota Yaya ta yi sallama, da jaka a kafaɗa. Kai tsaye ta wuce wurin kwamfutar. Ta zare wayar wutar daga bango, ta sunkuya ta shinshina cikin akwatin, ta ga faifan yana reto, ta runtse ido na ɗan lokaci. Sannan ta sa hannu biyu ta ciro shi kamar mai ɗaukar jariri.

Injiniya ya ce, "Yaya, katin fa? Ki fara duba katin."

"Kati za ka nuna wa likita ko zane?"

Ta jona faifan da ƙaramar kwamfutar da ta zo da ita. Suka zuba ido su uku. Babu komai. Ta kara kunnenta a jikin faifan. Injiniya ya zauna a bakin gado. Aikin wata biyu yana cikin wannan ɗan ƙarfen da bai kai tafin hannu biyu ba.

Yaya ta cire shi ta duba bakinsa, inda ƙananan haƙoran ƙarfe na jonawa suke, a hasken taga. "Filayarka ta taɓa nan. Haƙori ɗaya ya kwanta." Ta ɗauko ɗan tsinken ƙarfe. "Kowa ya yi shiru. In ya karye, shi ke nan."

Suka matsa baya suka ba ta wuri. Ta tayar da haƙorin kaɗan-kaɗan. Ta sake jonawa.

Faifan ya yi wani ɗan gurnani. Sai ga sunan aikin a kan allo: Asibiti.

Matar Injiniya ta sulale ta zauna a ƙasa tana hamdala. Shi kuwa ya miƙe yana cewa a yi sauri. Yaya ta ce, "Minti shida. Sai na kwafe shi wuri biyu." Ya kalli fuskarta, ya koma ya zauna.

Da ta gama ta koma kan babbar kwamfutar. Akwatin wuta ya ƙone, siririyar wayar ta narke a cikin bakin sabon katin. Ta cire su duka ta ajiye gefe. Daga jakarta ta fito da wani akwatin wuta, da wani kati matsakaici mai fanka biyu, wanda aka taɓa amfani da shi.

"Wannan ɗan abin?" Maganar ta kuɓuce masa. Matarsa ta yi masa wani irin kallo, ya haɗiye sauran.

Yaya ta ce, "Shi ne daidai ɗakin da zai zauna, daidai wutar da zai samu. Yanzu ka yi addu'a wutar ba ta ci uwar allon ba, wadda komai ke jone a jikinta."

Ta danna. Fanka ta juya, allo ya tsaya baƙi. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sai ya kawo haske.

Ƙarfe ɗaya daidai suka sa aikin. Kwamfutar ta rubuta cewa sai nan da awa uku da minti goma. Ga tafiyar rabin awa zuwa ofishin likita. Injiniya ya dafe kai. "Ba zan kai ba."

Yaya ta matso da fuskarta kusa da allon. "Waɗannan bishiyoyin fa, da motocin nan, da ruwan nan mai tsalle a bakin ƙofa, su ma dole ne?"

"Su ke ƙawata shi."

"Su ke cinye lokacin. Likita asibiti za ta gina ko wurin shan iska?"

Ya kalli agogo. Sannan ya ja kujera ya fara gogewa da hannunsa, bishiya bayan bishiya, abin da ya yi mako guda yana dasawa. Suka sake sawa. Awa biyu.

Yaya ta zauna a kan ƙaramar kujera, bayan hannunta a saitin iskar da ke fita daga akwatin, tana jin zafinta. An kawo mata abinci, ko kallonsa ba ta yi ba. Da lambar ta kai hamsin da tara kowa ya ƙura wa allon ido. Sittin. Sittin da ɗaya. Matar Injiniya ta saki kukan da take riƙewa tun safe.

Uku da kwata aka gama. Injiniya ya fita da gudu, maɓallin rigarsa a karkace.

Huɗu saura minti biyar ya shiga. Na sauran biyun sun fi nasa ƙyalli nesa ba kusa ba, har da tsuntsaye a sama. Likita ta kalla duka, sai ta yi tambaya ɗaya: in an turo majinyaci a kan gado daga ƙofa, ta ina gadon zai juya ya shiga ɗakin tiyata? A zanen Injiniya ne kawai hanyar take da faɗin da gado zai juya. Shi ta ba aikin.

Ƙaton katin kuwa bai sake tashi ba. Mai shago ya ga bakin da ya narke, ya ce ba ya karɓa.

Daga ofishin likita Injiniya bai wuce gida ba, shagon Yaya ya nufa. Ya same ta ta koma bakin aiki, mutane zaune a benci fuska a ɗaure. Ya durƙusa a gefen teburinta ya ce, "Yaya, ki yafe mini."

Ta ce, "Na yafe tun a hanya. Amma bayin Allah uku na bari a nan tun rana saboda kai, ɗaya ma daga nesa ya zo. Su za ka ba haƙuri."

Ya tashi ya bi su ɗaya bayan ɗaya, hula a hannu.

Darasi: Kafin ka sayi babban abu, duba ko kana da wurin da zai zauna da ƙarfin da zai ɗauke shi. Kuma kada takardarka ta sa ka raina wanda hannunsa ya daɗe a cikin aiki, tambayar da ka yi wa dariya da safe tana iya zama ita ce ceton ka da rana. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani yana kan hanyar kasuwa yanzu haka.

To 'yata, ki ce wa maigidan ya auna, ya kuma tambayi masu gyara tukuna. Ku yi mini uzuri, saƙonnin mutane sun taru suna jirana tun ɗazu, bari in je in ji da su.