Agogon Mudi Mai Dabino

Ku matso kusa, yau ku ne alƙalai.

A wani gari an yi wani Mudi, shekararsa talatin yana hawan dabino. Sai jiri ya fara ɗibarsa, har wata rana ya kusa sakin igiya daga can sama. Sau biyu aka kai shi asibiti, sau biyu aka tarar zuciyarsa na bugawa lafiya lau. Likita ya ba shi agogon hannu mai ƙirga bugun zuciya. Mudi ya jefa shi a kwando, ya ce, "Ni ba akuya ba ne da za a ɗaura min abu."

'Ya'yansa uku ne. Babbar, Sahura, ita ta yi ta lallashinsa. Kullum da safe sai ta zo da kunu ta durƙusa ta ce, "Baba, miƙo hannun." Sati shida tana ɗaura masa agogon tana cajinsa, ba ta yi fashi ba.

Lambobin da agogon ya ƙirga suka taru dubbai, likita kuwa ga layin marasa lafiya har bakin ƙofa, ina zai samu lokacin karanta su? Na biyun, Ilu, ya yi karatun kwamfuta. Ya zauna ya mayar da lambobin zane guda, kowace rana da layinta, duk inda bugun ya tsaya ya sa masa ja.

Likita ya ga jan, ya zaci agogon ne ke zamewa. Autar, Kulu, nas ce a asibitin, kuma ta san al'adar mahaifinta. Ta duba ta ga duk jan ya faɗo ne da hantsi, lokacin da yake ɗaga kai ya dubi 'ya'yan dabino. Ta nuna wa likita cewa ɗaga kan ne ke tsayar da zuciyar, ba agogon ke zamewa ba, ta hau babur sai gona. Ta sami mahaifinta ya riga ya ɗaura igiya a ƙugu, ta riƙe igiyar ta hana shi hawa.

Aka sa masa 'yar na'ura mai daidaita bugun zuciya a ƙirji, jiri ya tafi. Da ya warware, ya tara 'ya'yansa ya ce dabinon da ya gada daga kakansa na wanda ya ceci ransa ne.

To, ku faɗa mini: Sahura ce, ko Ilu, ko Kulu, wa za a ba bishiyar nan?