Magajin Malam Tanimu a Tarayyar Ƙasashen Kogi

Ku gyara zama, masu hira a baya ku saurara, ga wani labari.

Akwai wasu ƙasashe uku da kogi ɗaya ya ratsa. Tudunni tana can sama inda ruwan ke tasowa, mutanenta makiyaya ne. Fadamawa tana tsakiya, ƙasar manoma. Gaɓar Teku tana ƙasa, ita ce mai tashar jiragen ruwa da manyan attajirai. Shekara da shekaru, in fari ya zo sai kowace ta rufe iyakarta ta yi ta kanta, har mutane suka gaji da binne yara. Daga nan suka kafa tarayya, suka ɗora wani dattijo, Malam Tanimu, a kan kujerar shugabancinta. Tsohon alƙali ne, ba ya gaggawa, kuma abu ɗaya ya sa a gaba: a yi kasafin kuɗi guda na shekara bakwai, kowace ƙasa ta zuba nata, a yi aiki da shi tare. Ya san aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ya roƙi kowace ƙasa ta ba shi gwaninta.

Fadamawa ta aiko da wata mata, Barmani, wadda ta ƙware wajen tsara kasafi. Ita ta zauna ta jera ayyukan: rumbunan hatsi da rijiyoyi da madatsun ruwa a farko, sannan wani kaso mai tsoka a ajiye gefe, ba mai taɓa shi sai ranar bala'i. Da Malam Tanimu ya duba tsarin sai ya ga gadar da mutanen garinta suka daɗe suna kuka a kanta ta koma can ƙarshe.

Ya ce, "'Yata, gadar garinku fa?"

Ta ce, "Baba, in na sa ta gaba, sauran za su ce gidanmu na yi wa kasafi. A bar ta sai shekara ta shida."

A shekara ta uku kwale-kwale ya kife a mashigar garin nan, cikin waɗanda suka rasu har da ɗan ƙaninta. Da ta je gaisuwa mata suka juya mata baya, ƙanin ya ƙi amsa sallamarta. Malam Tanimu ya ce mata in tana so a matso da gadar, zai goya mata baya. Ta share hawayenta, ta ce a bar tsarin yadda yake.

Amma tsari ba ya tafiya sai da abin zubawa, kuma fiye da rabin abin daga Gaɓar Teku zai fito. Attajiran can suka ce ba su ga dalilin da zai sa su ciyar da masu kiwon awaki ba. Wanda ƙasar ta aiko, Jatau, ministan kuɗi ne, mutum mai baki da fara'a. Ya bar ofis ya shiga kasuwa kasuwa, yana tambayar 'yan kasuwa fatu da shinkafa da albasar da ke cika jiragensu daga ina suke zuwa, kuma in mutanen saman kogi suka mutu me za su loda. Aka yi masa ihu, aka jefi motarsa. Bai fasa ba, har majalisarsu ta amince da ƙyar. Da zaɓe ya zo aka kayar da shi, abokan cinikinsa suka janye, kamfaninsa na sufuri ya durƙushe. Ya zo wurin Malam Tanimu a motar haya yana dariya.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, kujerata ta tafi, amma hannun da suka sa ba ya gogewa."

Na ukun shi ne Nomau, mutumin Tudunni, wanda aka damƙa wa ajiyar. Shiru-shiru ne, har wasu na ganin kamar ba zai iya musa wa kowa ba. A shekara ta huɗu shugaban ƙasarsu ya kira shi, ya ce ya sakar masa kason nan na gefe zai gina sabon babban birni, daga baya a mayar. Wannan shugaban shi ya riƙe Nomau tun yana maraya.

Nomau ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, kai ka yi min makaranta, kai ka yi min aure, ban manta ba. Amma wannan ba nawa ba ne balle in ba ka."

Aka ƙulla masa sharri aka kulle shi. Malam Tanimu ya yi ta zarya yana roƙo kafin a bar shi ya gan shi. Ya tarar da shi ya rame, ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Nomau ne ya fara tambaya, ko an taɓa ajiyar. Ba a taɓa ba, don ba ta fita sai da sa hannunsa. Ya fito daga baya, amma idon nan bai ƙara gani da shi ba.

A shekara ta biyar ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, fara ta zo ta cinye abin da ya saura. Tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin irinta ba. A nan Malam Tanimu ya tara shugabannin ƙasashen uku, aka buɗe rumbuna, aka saki ajiyar. Motoci suka yi ta hawa da hatsi da dusa har ƙauyukan da ke bayan duwatsu. Makiyayan Tudunni suka gangaro da shanunsu rijiyoyin Fadamawa, ba wanda ya tare su. An sha wuya, an rame, amma ba a rufe iyaka ba, yara kuma suka ga damina ta gaba. Gadar ma aka gina ta a lokacin da aka ɗibar mata.

Da shekara bakwai ta cika, ƙarfin Malam Tanimu ya ƙare, ga sabon kasafi na jiran a tsara. Shugabannin suka ce ya fitar da magajinsa da kansa, sun yarda da duk wanda ya nuna, sai dai kujerar ɗaya ce kuma doka ba ta yarda a raba ta ba. Mutanen Fadamawa, har da waɗanda suka juya wa Barmani baya, suka zo suna cewa ba don ita ba da babu abin da za a ajiye. Mutanen Gaɓar Teku suka ce tsari a takarda bai taɓa cika cikin kowa ba, Jatau ne ya kawo abin. Mutanen Tudunni suka nuna idon Nomau kawai.

Malam Tanimu ya yi shekaru yana yanke shari'a bai taɓa kasa magana ba. Ranar ya kira su ukun suka zauna gabansa, ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ga ba wanda zai cire a cikinsu ƙasashen su tsira. Zaure ya cika, kowa ya zuba masa ido.

To ku da kuka ji, in ku ne Malam Tanimu, wa za ku miƙa wa kujerar nan: Barmani, ko Jatau, ko Nomau?